Times New Roman: Rigar Jarida da Aka Sa wa Kowa

Mai karatu, in akwai wata takarda kusa da kai wadda aka buga da kwamfuta, ko wasiƙar ofis ce, ko takardar jarrabawar ɗanka, ko tsarin bikin aure da aka miƙa maka a bakin ƙofa, ɗauko ta. Ka bar abin da take faɗa tukuna, ka zuba wa haruffan ido su kansu. In ka ga kowane harafi yana tsaye a kan wata 'yar ƙafa siririya, jikinsa da kauri a wani wuri da sirantaka a wani wuri, haruffan kuma sun matsu da juna kamar fasinjoji a motar kasuwa, to, mai yiwuwa ne ƙwarai Times New Roman kake kallo. Da yawa daga cikinmu mun karanta dubban shafuffuka da wannan zubin haruffa, ba mu taɓa tambayar sunansa ba, balle asalinsa.

Wani zai ce, ina ruwan mai karatu da siffar harafi, ai ma'ana ake nema. Haka ne, muddin idonka yana da ƙarfi, fitilarka kuma tana da haske. Amma ranar da ka ga tsohuwa ta ajiye littafi bayan shafi biyu ta ce kanta yana ciwo, ko ka ji wanda yake karatu a gaban jama'a ya tsallake layi guda bai sani ba, ran nan za ka gane cewa wanda ya zaɓi haruffa ya riga ya yanke wa waɗansu mutane hukunci, ko za su iya karantawa ko ba za su iya ba. Shi ya sa nake so mu ɗora wannan zubi a kan ma'auni, tun da ya cika ofisoshinmu da makarantunmu. Ra'ayina shi ne, kyakkyawan aiki ne da aka yi domin wata bukata guda, mu kuwa muka ɗauke shi muna yin kowane irin aiki da shi, har da waɗanda ba a yi shi dominsu ba.

Bari in bayyana kalmomi biyu kafin mu yi nisa. Abin da nake kira zubi shi ne iyalin haruffa guda, manya da ƙanana, da lambobi da alamomi, waɗanda aka zana bisa tsari ɗaya domin su zauna tare. Na ce zubi, gama a dā da narkakkiyar dalma ake zuba su. Ƙafar harafi kuwa ita ce 'yar gajeriyar sandar nan da take rufe ƙarshen kowane zane, wadda masu ɗab'i suke kira serif. Tsohuwar aba ce. Tana jikin manyan haruffan da Romawa suka sassaƙa a kan duwatsu, irin na gindin ginshiƙin Sarki Tarajan a birnin Roma, wanda aka gama a shekara ta 113. Ƙananan haruffa daga baya suka zo, daga rubutun hannu na malaman Turai. Masu ɗab'i na birnin Benis a Italiya, su Nicolas Jenson a 1470 da Aldus Manutius a wajen 1495, suna cikin waɗanda suka daidaita manyan da ƙananan har suka zama abin da muka saba gani. Maƙeran haruffa na Faransa suka gaji aikin a ƙarni na 16. Ɗaya daga cikinsu, Robert Granjon, ya yi wa Christophe Plantin aiki, mai maɗaba'ar nan ta birnin Antwerp wanda ya buga Littafi Mai Tsarki cikin harsuna biyar a wajajen 1570. A 1913 kamfanin Monotype na Ingila ya ɗauki wani zubin Granjon, ya sabunta shi domin injunan zamani, ya raɗa masa suna Plantin. Ka riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

A ƙarshen shekarun 1920 jaridar The Times ta London tana bugawa da irin haruffan da ta gada daga ƙarni na 19, sirara, marasa jini a jika, shafin yana fitowa toka-toka. Stanley Morison, mai ba kamfanin Monotype shawara a kan haruffa, bai ɓoye wa mutanen jaridar ra'ayinsa ba, ya ce bugunsu ya tsufa, ba shi da kyau. Mutum ne da ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya koya wa kansa tarihin ɗab'i da karatun ɗakunan littattafai. Maimakon masu jaridar su yi fushi, sai suka ɗauke shi mashawarci a 1929. Aikin da ya faɗo masa a ka yana da wuya. Ana so haruffa su ƙara girma a ido, su ƙara baƙi, amma kada su ci wuri fiye da na dā, domin a jarida wuri kuɗi ne, kowane layin da labari ya ƙara an rage wa mai talla ke nan.

Morison ba gwanin zane ba ne. Wanda ya riƙe fensir shi ne Victor Lardent, wani mai zane a sashen talla na jaridar, Morison yana bisa kansa yana gyara. Daga hannunsu zanen ya tafi masana'antar Monotype, inda ma'aikata suka yi ta sāke shi har ya zauna a kan ƙarfe. Sunan Morison ne ya tafi duniya, na Lardent sai masu bincike, na ma'aikatan masana'anta kuwa ba a cika ambata ba. Abin da suka kafa aikin a kai shi ne Plantin ɗin nan. Suka riƙe ƙashinsa, suka rage masa ƙiba, suka wasa ƙafafunsa suka yi tsini. Ran 3 ga Oktoba, 1932, jaridar ta fito da sabuwar rigarta. Sunan ma ba shi da wani ado, ma'anarsa sabon zubin Romawa na jaridar Times. Bayan shekara ɗaya aka fara sayar da shi ga kowace maɗaba'a. A shekarar 1932 ɗin nan ce kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na fari. Ba abin da ya haɗa su biyun, na faɗa ne kawai domin mai karatu ya san tsufan abin da yake kallo a kwamfutarsa.

To, yaya halinsa yake? Abu na fari, ƙananan haruffansa dogaye ne in an gwada su da manyan. Dubi a da n da o kusa da harafin H, za ka ga sun hau sosai, sun wuce rabin tsayinsa da nisa. Ido kuwa da waɗannan yake auna girman rubutu, saboda haka Times lamba 10 yakan yi kamar ya fi wani tsohon zubi irin Garamond girma, ko da yake lambarsu ɗaya. Farashin wannan dabara shi ne, wuyan b da d da k ya gajarta, wutsiyar g da j da y ita ma ta gajarta. Masu jarida haka suke so, gama in wuya da wutsiya gajeru ne, ana iya matso da layi kusa da layi ba su taɓa juna ba. Abu na biyu, haruffan matsattsu ne, kowanne an rage masa fāɗi kaɗan, kalmomi da yawa su shiga layi ɗaya. Abu na uku shi ne bambancin kauri. Sandar da take tsaye tana da nauyi, amma inda zane ya lanƙwasa ko ya gitta, kamar sandar tsakiyar e ko kafaɗar n, sai ya zama siriri kamar zare. Wannan ne yake ba shafin Times ƙyallin nan da tsabta da mutane suke so.

Duka ukun amsa ce ga tambaya ɗaya: yaya za a cusa magana mai yawa cikin siririn zirin jarida, a kuma karanta ta da sauri? Sai ka tuna da masaƙin gargajiya, wanda yake saƙa ƙyalle mai fāɗin tafin hannu. Zaren da ya zaɓa da yadda ya matse shi, duk domin wannan fāɗin ne. Haka Times yake. A cikin ziri mai ɗaukar haruffa 35 ko 40 a layi, ban san zubin da ya fi shi ladabi ba. Ba ya jan hankali zuwa kansa. Ba harafi ɗaya a cikinsa da yake ɗaga kai ya ce a dube ni. Lambobinsa duka fāɗinsu ɗaya, suna jeruwa daidai a lissafin kuɗi. Karkatattun haruffansa, waɗanda ake rubuta sunan littafi da su, suna zama lafiya da miƙaƙƙun. Wanda ya ce Times mummuna ne bai duba shi a gidansa ba.

Amma akwai abin da ake mantawa. The Times jaridar manya ce, tana bugawa a kan takarda mai kyau fiye da ta sauran jaridu, da injuna masu kyau. Siraran zanen nan suna fitowa sarai a wurinta. Jaridu masu arha, masu takarda mai shan tawada, yawancinsu ba su rungume shi ba, suka tsaya ga zubi masu kauri da buɗaɗɗen ciki irin Ionic da Excelsior na kamfanin Linotype. Masu buga littattafai da mujallu ne suka fi ɗaukarsa, musamman da takarda ta yi tsada a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kowa yana neman abin da zai rage masa shafi. Su ma ba su karɓe shi yadda yake ba. Monotype ya yi wani mai fāɗi domin dogon layin littafi. Ya yi wani mai manyan haruffa marasa nauyi domin Jamusanci, gama Jamusawa suna fara kowane suna da babban harafi, shafinsu yakan cika da su. Ya yi wani domin littattafan lissafi. Akwai kuma wanda aka ƙara wa kauri kaɗan, shi ne maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga Littafi Mai Tsarki na Turanci da shi a bugun da ake kira Concord da Pitt Minion, inda haruffa ƙanana ne ƙwarai, takarda kuma siririya. Wato waɗanda suka ƙera shi sun sani sarai cewa riga ɗaya ba ta yi wa kowa, suka yi ta ɗinka wa kowane aiki tasa.

Har wa yau, a zamanin dalma ƙaramin harafi ba babban ne aka rage ba. Ana gyara zanen gwargwadon girma, ƙananan a ƙara musu kauri da sarari. Ƙarfen kuma yana dannuwa cikin takarda, tawada ta ɗan bazu, siririn zane ya ƙara jiki. Da aka mai da Times cikin kwamfuta, zane ɗaya ne ake hurawa ana sacewa, ba dannawa, ba bazuwar tawada. Shi ya sa in ka ajiye tsohon littafi na shekarun 1950 kusa da abin da firinta ta fitar jiya, za ka ga na dā ya fi baƙi, ya fi zama, ko da yake sunan zubin ɗaya.

Jaridar da ta haife shi ta rabu da shi tun 1972, bayan shekara 40. Da a ce a nan labarin ya tsaya, da yau sai masu ɗab'i kaɗai suka san sunansa. Kwamfuta ce ta ba shi rai na biyu. A 1985 kamfanin Apple ya fitar da firintar LaserWriter, Times yana cikin 'yan zubin da aka dasa a cikinta, wato irin na Linotype da ake kira Times Roman. A 1992 kamfanin Microsoft ya sa Times New Roman cikin Windows 3.1, ya kuma zama zubin da Word yake buɗewa da shi har zuwa 2007, sa'ad da Calibri ya karɓe shi. Shekarun nan su ne daidai lokacin da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu da shagunan buga takardu na bakin hanya, tafireta tana ja da baya. Mai buga takarda ya kunna inji, ya tarar da Times New Roman lamba 12 yana jiransa, ya fara aiki. Malaminsa bai ce masa akwai zaɓi ba. Daga nan makarantu suka mai da shi doka ga masu rubuta kundin kammala karatu, har yara suka ɗauka shi ne rubutun ilimi. Ba mu kaɗai ba ne. Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta ɗauke shi a 2004, ta bar shi ta koma Calibri a 2023 da hujjar sauƙaƙa wa masu raunin gani, sa'an nan a Disamba 2025 ta sāke komawa gare shi da hujjar mutunci. Na lura dai, tun 2004 lamba 14 suka ɗauka, ba 12 ba.

Ga inda ƙarata take. Ɗauki takardar ofis mai girman A4, wadda aka bar mata gefe na santimita biyu da rabi dama da hagu, aka cika ta da Times lamba 12. Ƙirga haruffan layi ɗaya har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Za ka samu wajen 90, wani lokaci fiye. Masu ɗab'i tun dā sun yarda cewa layin da ido yake bi ba wahala shi ne mai haruffa 60 zuwa 70. Dalilin a fili yake. Sa'ad da ido ya kai ƙarshen layi, dole ya komo hagu ya nemi farkon na gaba. In tafiyar ta yi nisa, layukan kuma suna manne da juna, sai ya sauka a layin da ya riga ya karanta, ko ya tsallake ɗaya. Matsewar da ta zama albarka a zirin jarida ita ce ta zama wahala a nan, gama ita ce take cusa haruffa 90 inda wani zubi mai fāɗi zai sa 75. Gajeren wuya da gajeriyar wutsiya kuma suna sa layuka su yi kama da juna. Malaman makaranta sun ji wannan a jikinsu, shi ya sa suke cewa a ninka sararin da ke tsakanin layuka, sai tattalin takardar da aka ƙera zubin dominsa ya bi ruwa.

Sai kuma injin kwafi. A wurarenmu takarda ba ta cika isa hannun mai karatu kai tsaye daga firinta ba. Ana buga guda ɗaya, a yi kwafi, a yi kwafin kwafi, tawadar injin kuwa an riga an girgiza ta sau uku domin ta ƙara kwana. Abin da yake fara mutuwa shi ne siririn zane. Sandar tsakiyar e ta ɓace, ta koma c. Kafaɗar n ta yanke. In tawada ta yi yawa kuma, r da n su manne su zama m, 'yan ramukan cikin a da e su toshe. Ka tuna fa, a Hausa ba harafin da ya kai a yawa, da wuya ka sami kalma biyu a jere babu shi. Ƙaramin l da lamba 1 kuwa a Times tun asali kamar tagwaye suke.

Na ga wannan da idona. An taɓa ba ni aikin shirya takardun karatu na wani taro, na buga su da Times lamba 11 domin su tsaya a shafi biyu, aka kai wani shago aka yi kwafi. Da maraice wani dattijo da aka sa zai yi karatu ya kira ni gefe, takardar tana hannunsa, tabarau a kan hanci. Ya ce, "Ɗana, wa ya buga wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To, zo ka zauna ka karanta mini, in haddace kafin gobe, gama tururuwa kawai nake gani." Mutumin da ya shekara 50 yana karatu a gaban jama'a ke nan, ni da hannuna na mai da shi kamar wanda bai taɓa shiga aji ba.

Yanzu sai maganar da ta shafe mu mu kaɗai, wato baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya take rubuta 'y. Masu rubuta Hausa da boko na farko sun yi ta fama da waɗannan sautuka, waɗansu suka sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, waɗansu suka sa alama a gefensa, kafin ƙugiya ta zauna a ƙarshen shekarun 1930. Morison da Lardent ba su zana su ba, ba su da dalili, jaridar Turanci suke yi wa aiki. Times New Roman ɗin da ya zo mana a cikin Windows na shekarun 1990 shi ma ba shi da su. Waɗanda suka yi aiki a lokacin suna tuna yadda ake buga shafi, sa'an nan a bi shi da biro ana lanƙwasa kan d da k ɗaya ɗaya. Wanda ya gaji ya bar su haka, sai sarki ya shiga fada da sarki ya shiga faɗa su zama magana ɗaya, baki da baƙi su rasa mai raba su. Daga baya, da kwamfuta ta koyi aron harafin da ba ta da shi daga wani zubi, sai ka ga ƙ ta fito ƙatuwa a tsakiyar kalma, ko siririya marar ƙafa, kamar baƙuwa a cikin dangi. Sai da Windows Vista ya fito a 2007 Times New Roman ya zo da namu baƙaƙen a jikinsa, a shekarar da Word ya daina buɗewa da shi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu da yake da su, yaya suke? A takarda mai kyau, ba laifi. Amma dubi yadda aka yi ƙugiyar. Wuyan harafi gajere ne tun asali, kamar yadda muka gani, saboda haka wurin da za a lanƙwasa kaɗan ne. Lanƙwasar kuma ta faɗa daidai inda Times yake sirancewa, ta ƙare da ɗan ƙulli. Su b da d da k marasa ƙugiya ma suna da 'yar tuta a bisa kansu, ita ce ƙafar sama. Ashe bambancin d da ɗ duka ya rataya ne a kan ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba, a lamba 10 ko 11, a wurin da injin kwafi yake fara ci. Ga Bature wannan ƙarin ado ne a gefen zubi. A gare mu, a nan ma'anar kalma take.

Ƙungiyar SIL, wadda take aiki da harsuna masu yawa a Afirka da sauran wurare, ta yi zubi domin irin wannan bukata, tana kuma ba da su kyauta. Doulos yana kama da Times ƙwarai, saboda haka ya gāji ƙarfinsa da rauninsa. Charis kuwa an gina shi a kan Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 musamman domin firintoci marasa ƙarfi. Ƙafafunsa masu kauri ne, cikinsa a buɗe, siraran zanensa ba su yi sirantakar na Times ba. Akwai kuma Gentium na Victor Gaultney, mai laushi a ido. A nawa gwajin, in takarda za ta bi ta injin kwafi, Charis ya fi Times jimrewa nesa ba kusa ba. Zai ci wuri fiye da shi, wannan gaskiya ne, kuma wanda yake biyan kuɗin takarda zai ji a aljihunsa.

Ga masu koyon karatu, yara ko manya a ajin yaƙi da jahilci, ba na ganin Times ya dace ko kaɗan. Malami ya rubuta a da g a allo da siffar hannu mai sauƙi, ɗalibi ya buɗe littafi ya tarar da a mai rumfa a kai, da g mai ciki biyu kamar tabarau a tsaye. Wanda ya ƙware ba ya ko lura, amma wanda yake haɗa baƙi da wasali yana ganin haruffa huɗu ne inda aka ce masa biyu. Domin wannan ne SIL ta yi Andika, marar ƙafa, mai siffofi kusa da na allo.

Kada a ɗauka ina cewa haruffa marasa ƙafa sun fi masu ƙafa a kowane hali. An daɗe ana gardama a kan wannan, waɗansu suna cewa ƙafa tana jan ido a kan layi, waɗansu suna cewa tarkace ce, binciken da aka yi kuwa bai ba kowane ɓangare nasara bayyananniya ba. Girman harafi, da tsawon layi, da sararin da ke tsakanin layuka, da hasken ɗaki, sun fi ƙafa tasiri. Akwai kuma sabo, wanda ba abin rainawa ba ne. Idon da ya girma da Times yana gudu a kansa. Mutane suna ganin girmansa, takardar da aka buga da shi tana kama da maganar hukuma, wasiƙar neman aiki da shi ba ta ba kowa dariya. In ƙamus kake shiryawa, ko mujalla, ko littafin waƙoƙi mai gajerun layuka, ko kowane littafi mai kauri da za a raba shafinsa gida biyu a buga a maɗaba'a ta ƙwarai, Times yana gidansa, ni ma shi zan iya ɗauka. Abin da ba na so a gare shi ko a can shi ne mai kaurinsa, wanda ake yin kan magana da shi. Matsattse ne, ramukansa ƙanana, siffarsa ma ta bambanta da ta ɗan'uwansa kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. In aka jera shi da manyan baƙaƙe zalla, aka kuma ja masa layi a ƙasa, kamar yadda masu buga takardun gayyata suke so, sai ya zama katanga.

Wanda dole ne ya yi aiki da Times a takardar A4, ko domin dokar makaranta ko domin shi kaɗai ke cikin injin, yana da abin yi. Ya fāɗaɗa gefen takarda har layi ya sauko wajen haruffa 70, ko ya raba shafin gida biyu. Ya hau lamba 13 ko 14 in dattawa ne za su karanta. Ya ƙara ɗan sarari tsakanin layuka, ba sai ya ninka ba. Kafin ya buga ɗari, ya buga ɗaya, ya yi kwafinta, ya yi kwafin kwafin, ya miƙa wa wanda ya fi kowa tsufa cikin masu karatunsa, da maraice, a hasken da mutumin yake da shi a gida.

Haka na yi da takardun taron nan a shekarar da ta biyo. Na raba shafi biyu, na sa Charis lamba 13, abin da ya tsaya a shafi biyu ya koma huɗu. Ma'aji ya yi gunaguni a kan kuɗin kwafi, ya ce bara ba haka muka kashe ba. Dattijon ya karɓi tasa a bakin ƙofa, ya juya ta gaba da baya, ya ninke ta ya sa a aljihun riga, bai kira ni gefe ba.